ƘAƘA SABON IRI KE FITOWA? DARASI DAGA HATSI DA SHIBRA

 

Kowane manomin hatsi ya san shibra. Ba wanda ke shuka ta da gangan, amma kowace damana sai ta fito. Tana ƙarama ba a bambanta ta da hatsi. In ta girma sai ka ga karanta siriri, rassanta da yawa, zangarniyarta ƙarama mai gashi. Kafin a zo girbi ta kaɗe tsabarta ƙasa. Ta sha ruwan gona, ta ci takin gona, rumbu bai samu komi ba.

To, daga ina shibra take? Mi ya haɗa ta da hatsi? Shi kansa hatsin, daga ina ya fito? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce darasinmu na yau. Za mu ga yadda sabon iri ke fitowa a duniya, da yadda tsiro ko dabba ke samun sabuwar dabarar rayuwa. Wanda ya gane wannan, zai san yadda zai tsare irinsa kada ya lalace. Ku karanta a hankali. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

1. KALMOMI BIYU: IRI DA JINSI

Da farko mu daidaita kalmomi biyu, don kada magana ta cuɗe.

Zango iri ne na hatsi. Ankutes iri ne. Haini-kire na ƙasar Zabarma iri ne. HKP, wanda ma'aikatan bincike suka tace daga haini-kire don ya riƙa nuna da wuri, shi ma iri ne. Kamanninsu ba ɗaya ba, amma in ka shuka su kusa da juna suna barbarar juna, abin da suka haifa kuma ya ci gaba da haihuwa. Saboda haka dukansu jinsi ɗaya ne, wato jinsin hatsi.

Hatsi da dawa fa? Shekara da shekaru ana shuka su gona ɗaya, ba a taɓa ganin ɗan da suka haifa tare ba. Hatsi jinsi ne, dawa jinsi ce dabam.

Akwai kuma na tsaka-tsaki. In jaki ya hau goɗiya, tana haihuwar alfadari. Alfadari yana da ƙarfi, yana da jimiri, amma ba ya haihuwa. Zuriyar ta tsaya a kansa. Wannan ya nuna doki da jaki dangin juna ne na kusa, amma sun riga sun rabu, kowa da jinsinsa.

Ku riƙe wannan: iri-iri na cikin jinsi ɗaya suna haɗuwa su ba da zuriya mai ɗorewa. Jinsi biyu ba sa yin haka.

2. KAKAN HATSI YANA NAN A DAJI

A bakin hamada, tun daga Senegal da Muritaniya har Sudan, akwai wata ciyawa da masana ke kira hatsin daji. A ƙasarmu ana samun ta a arewa, cikin ƙoramun Abzin da wuraren kiwo. Tsabarta ƙanana ce ƙwarai, tana lulluɓe da ƙaiƙayi da gashi. Da ta nuna sai ta zube. Wannan ciyawa ita ce kakar hatsin da muke ci.

A da can, daga wajen shekara 11,000 zuwa shekara 5,000 da suka wuce, Sahara ba hamada ba ce kamar yau. Akwai tafkuna da ciyawa da namun daji. A Gobero, cikin Tenere, inda masu bincike suka fara cin karo da kaburburan mutanen da a shekara ta 2000, an tono ƙasusuwan kifi da na kada da na dorina. A Dabus, arewa da Agadas, akwai hoton raƙuman dawa da mutanen wancan zamani suka sassaƙa a jikin dutse. Mutanen nan suna kiwon shanu, suna kamun kifi, suna kuma tara tsabar ciyawa su ci.

Da ruwan sama ya fara ja baya, abinci ya yi wuya. Sai mutane suka fara watsa tsabar hatsin daji kusa da mazauninsu. A kwarin Tilemsi, arewa da Gawo a ƙasar Mali, an samu fasassun tukwane masu shekara wajen 4,500. Maginan tukwanen sun kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi, shatar ƙaiƙayin kuma ta zauna a jikin tukunya. Da masana suka duba, sai suka ga ƙaiƙayin hatsin gida ne, wanda ba ya zubar da tsaba. A shekara ta 2018 wani bincike da aka yi a kan gadon hatsi ya nuna asalinsa daga yammacin Sahara ne, wajen arewacin Mali da Muritaniya, kimanin shekara 4,900 da suka wuce. Daga nan ya bazu cikin Afirka, har ya kai ƙasar Indiya fiye da shekara 3,000 ke nan.

To, ƙaƙa ciyawa mai zubar da tsaba ta zama zango mai doguwar zangarniya? Abubuwa uku ne suka yi aikin.

3. ABUBUWA UKU: BAMBANCI, GADO, ZAƁE

Na farko, bambanci. Shiga gonarka ka duba. Ba kara biyu da suka yi daidai. Wani dogo, wani gajere. Wani ya riga fitar da kai, wani ya makara.

Na biyu, gado. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Cikin kowace tsaba akwai wani rubutu ƙanƙane wanda ido ba ya gani. Shi ke faɗa wa tsiro yadda zai zama. Rubutun yana naɗe cikin wasu ƙulle-ƙulle, waɗanda za mu kira ƙullin gado. Masana na ce musu kuromozom. Hatsi yana da ƙulli 14: bakwai daga uwa, bakwai daga uba.

Duk sa'ad da za a yi sabuwar tsaba, sai an kwafi rubutun nan. Ku da kuka yi makarantar yaƙi da jahilci kun san abin da kan faru wajen kwafi daga allo. Malam ya rubuta "ƙafa", ɗalibi ya manta lanƙwasar ƙ, ya rubuta "kafa". Malam ya rubuta "baƙi", ɗalibi ya rubuta "baki". Ɗan canji kaɗan, ma'ana ta sake. Haka yake a rubutun gado. Jefi-jefi ana samun canjin baƙi guda. Galibi canjin ba ya yin komi. Wani lokaci yana cutar da tsiro. Can ba a rasa ba, yakan zo da amfani. Daga nan ne sabon bambanci ke ɓullowa. Barbara kuma tana cuɗa na uwa da na uba, ta fito da haɗin da ba a taɓa gani ba.

Na uku, zaɓe. Ba kowace tsaba ke rayuwa har ta haihu ba. Fari yana kashe wasu. Tsuntsu yana cin wasu. Manomi yana ware wasu don shuka, ya daka sauran. Wadda ta tsira, halinta ne za a gani a gonar baɗi.

Ga misali da lissafi. A ce cikin hatsin daji 100, guda ɗaya ya samu canjin da ya sa tsabarsa ba ta zubewa. A daji wannan hasara ce, domin tsabar da ba ta faɗi ƙasa ba, ba za ta tsira ba. Amma ga mata sun zo yanka. Sauran 99 sun riga sun zubar da rabin tsabarsu. Shi guda ɗayan nan tasa tana nan cif. Saboda haka cikin kwando rabonsa ya ninka. In an shuka daga kwandon, baɗi masu riƙe tsaba sun kai wajen 2 cikin 100. Shekara ta gaba wajen 4, sannan wajen 8. A kan takarda, cikin shekara bakwai sun fi rabin gona. A gona ta gaskiya abin ya ɗauki ɗaruruwan shekaru, domin iska tana cuɗa barbara da na daji. Amma da yayyafi kogi kan cika.

Haka sauran halaye suka taru. Tsaba mai girma ta fi ƙarfin fasa ƙasa in an binne ta. Tsabar da ke tsira da ruwan farko ita ke shiga girbi, mai kwana a ƙasa shekara biyu ta rasa rabo. Babbar zangarniya ita manomi ke ajiyewa. Kakanninmu ba su san rubutun gado ba, amma hannunsu ya yi zaɓe.

Wani masani ɗan Ingila mai suna Darwin ya fitar da littafi a kan wannan al'amari a shekara ta 1859. Da aikin manoma da masu kiwon tattabaru ya buɗe littafin. Ya ce abin da makiyayi ke yi a garkensa cikin ƴan shekaru, shi ne fari da sanyi da yunwa da cuta ke yi wa halittun daji cikin shekaru dubbai.

4. YADDA JINSI ƊAYA KE ZAMA BIYU

Zaɓe yana sauya kama. Amma kafin jinsi ɗaya ya zama biyu, sai an samu katanga da za ta hana ɓangarorin biyu barbarar juna. In ba katanga, suna ta cuɗuwa, bambancin yana narkewa. Katangar iri-iri ce.

Akwai katangar nisa. Hamada, ko teku, ko dutse ya raba dangi gida biyu. Kowane gida ya ci gaba da tara canje-canjensa. Bayan zamani mai tsawo, ko sun sake gamuwa, gadonsu ba ya dacewa. Haka ta faru ga doki da jaki. Kakanninsu ɗaya, amma sun rabu shekaru miliyoyi da suka wuce. Yau doki yana da ƙullin gado 64, jaki yana da 62. Alfadari ya tashi da 63. Wajen haihuwa dole kowane ƙulli ya samu abokin tafiyarsa. Na alfadari ba sa daidaituwa, shi ya sa ba ya haihuwa.

Akwai katangar lokaci. Wannan kun san ta. Gero yana nuna cikin wata uku ko ƙasa da haka. Maiwa tana jira sai rana ta fara gajarta a ƙarshen damana kafin ta fitar da kai. Lokacin da gero ke bununi, maiwa ba ta shirya ba. Lokacin da maiwa ta shirya, gero ya gama. Shi ya sa ake iya shuka su ƙauye ɗaya, kowa ya riƙe halinsa. Amma katangar ba ta rufe duka ba. Geron da ya makara yana iya gamuwa da maiwar da ta yi sauri. Don haka har yanzu jinsinsu ɗaya.

Akwai katangar mazauni. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro a Afirka ta Yamma, an daɗe ana ɗaukar wasu biyu daga cikinsu a matsayin abu guda, domin ido ba ya raba su. Ashe ɗaya ya fi son yin ƙwai a ƴan kududdufan ruwan sama masu saurin ƙafewa, ɗayan kuma a ruwa mai daɗewa, kamar na gonakin shinkafa. Mazansu suna taruwa wuri dabam-dabam da magariba, ba su cika haɗuwa ba. A shekara ta 2013 masana suka ba kowane sunansa, suka ce jinsi biyu ne. Wannan rabuwa ce sabuwa, wadda ba ta gama ƙulluwa ba.

Yanzu mu koma ga shibra. Zangarniyar hatsi tana fara fitar da wasu zare farare masu taushi. Su ne ɓangaren mace. Bayan kwana biyu ko uku sannan bununi ya fito, wato garin nan mai ruwan ɗorawa, ɓangaren namiji. Tun da macen ta riga fitowa, galibi bununin maƙwabta take karɓa, wanda iska ta kawo. Hatsin daji shi ma ƙullinsa 14 ne, daidai da na gida. In bununinsa ya faɗa kan hatsin gida, ana samun tsaba. Asalin shibra ke nan: ruwa biyu ce tsakanin hatsin gida da kakansa na daji. Tana haihuwa, tana kuma barbarar hatsin gona. Shi ya sa ake ganinta har a kudu, inda babu hatsin daji. Gadonta yana tafiya cikin irin da ake saye da wanda ake ara, wani kuma yana kwana a ƙasar gona.

Masu bincike sun lura an fara samun ƴar katanga tsakanin hatsin gida da na daji. Tsabar da aka samu daga haɗinsu sau da yawa tana fitowa a ƙanjame. Amma katangar ba ta kai a ce jinsi biyu ne ba. Shekara 5,000 ta isa a sauya kama. Ba ta isa a raba jini ba. Mai riƙe da katangar a yau shi ne manomi, da hauyarsa da idonsa.

5. HANYAR GAGGAWA: LABARIN GUJIYA

Galibi sabon jinsi yana ɗaukar zamani mai tsawo. Amma a wajen tsirrai akwai wata hanya ta gaggawa. Gujiya, wadda wasu ke kira gyaɗa, ita ce misali.

Asalin gujiya daga Amurka ta Kudu ne, wajen kudancin Bolibiya da arewacin Ajantina. Can akwai gujiyoyin daji jinsi-jinsi. Shekaru dubbai da suka wuce, biyu daga cikinsu suka yi barbara. Kowace tana da ƙullin gado 20. Abin da suka haifa ya samu 10 daga nan, 10 daga can. Kamar alfadari yake, ƙulle-ƙullensa ba su da abokan tafiya. Sai wani abu ya faru wanda kan faru ga tsirrai jefi-jefi: ƙulle-ƙullen duka suka ninka, suka zama 40. Yanzu kowane ya samu abokinsa. Tsiron ya iya haihuwa. Amma ba ya dacewa da iyayensa masu 20. Nan take ya zama jinsi mai zaman kansa. Manoman can suka ɗauke shi, suka raine shi. Jiragen ruwan Turawan Fotugal ne suka kawo shi gaɓar Afirka wajen shekara 500 da suka wuce. Alkama da auduga da taba su ma ta irin wannan haɗi da ninki suka samu.

Hanyar gaggawa tana da nata aibi. Tun da gujiyar duniya duka daga tushe ɗaya ƙanƙane ta fito, bambancin da ke tsakanin irinta kaɗan ne. In cuta ta samu ƙofa, ba ta samun mai tare ta da yawa. Dattawa na tune da shekara ta 1975, lokacin da kuturtar gujiya, wadda darɓa ke yaɗawa, ta cinye gonaki a kudancin Nijar da arewacin Najeriya. Shi ya sa masu bincike, har da na ƙasar Senegal, suka koma ga gujiyoyin daji, suna ɗebo halayen jure cuta suna sa wa ta gida.

6. SABUWAR DABARA DAGA TSOHON KAYA

Ban da sabon jinsi, akwai tambayar sabuwar dabara. Ƙaƙa tsiro ke samun ƙaya, ko kai irin na albasa, in da can ba shi da su?

Ku dubi maƙeri. Ba ya ƙirƙiro ƙarfe. Tsohon ƙarfen mota yake samu, ya ƙera hauya. Haka abin yake ga halitta. Sabuwar dabara galibi tsohon abu ne da ya kama sabon aiki, sannu a hankali.

Ɗauki albasar Galmi ka yanka ta tsaye. Ɓawon nan da ke jere, gindin ganye ne da ya kumbura don ajiye abinci da ruwa. Rogo da dankali saiwa ce da ta kumbura. Ƙayar aduwa reshe ne da ya yi tsini. Ƙayar bagaruwa ƴan ƙananan ganyen gindin ganye ne da suka taurare. Tozon raƙumi kitse ne, irin wanda kowace dabba ke da shi, sai dai an tara shi wuri guda. A wurin da dabbobi ke cin ganye, itacen da reshensa ya ɗan fi tsini ya fi tsira, ya fi zubar da ƴaƴa. Zuriya bayan zuriya tsinin yana ƙaruwa.

Hanya ta biyu ita ce ƙawance tsakanin halittu biyu. Tuge wake ko gujiya mai wata ɗaya da rabi, ka dubi saiwarta. Za ka ga ƴan ƙuraje. Ba cuta ba ce. Cikinsu akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Suna ɗaukar wani sinadari daga iska su mai da shi taki, irin amfanin da takin zamani na ure ke yi. Tsiron kuma yana ba su abinci da wurin zama. Fasa ƙurji guda da farce. In cikinsa ja-ja ne, aiki yana tafiya. Gawo ma dangin wake ne, yana da wannan baiwa. Ga shi kuma da wata dabara tasa: yana kaɗe ganye da damana, ya yi kore da rani. Shi ya sa hatsi ke kyau a ƙarƙashinsa. Tumbin saniya da na akuya ma cike yake da ƙananan halittu. Su ke narkar da kara da ciyawa, abin da cikin mutum ba ya iyawa.

7. ABIN YANA NAN YANA FARUWA A GONAKINMU

Kada wani ya ce wannan labarin da ne. A shekara ta 1976 masu bincike sun zaga ƙauyukan Nijar, sun karɓi irin hatsi daga hannun manoma sun adana. A shekara ta 2003 aka koma ƙauyuka 79 daga wuraren nan, aka sake karɓa. Tsakanin shekarun biyu an sha fari, musamman na 1984. Masu bincike na Nijar da na Faransa suka shuka tsohon iri da sabo gefe da gefe a gona ɗaya.

Ga abin da suka gani. Sunayen iri ba su canza sosai ba. Manoma suna nan da irin iyayensu. Amma hatsin 2003 ya fi na 1976 saurin fitar da kai, zangarniyarsa kuma ta ɗan fi gajarta. Wani baƙin gado mai sa hatsi nuna da wuri ya ƙaru daga wajen kashi 10 cikin 100 zuwa wajen kashi 18. Cikin shekara 27 kaɗai. Damana ta gajarta, mai makara ya rasa tsaba, mai sauri ya shiga rumbu. Fari ya yi zaɓe, manomi ya yi zaɓe.

Ku lura da abu guda. Hatsinmu ya iya bin sauyin damana domin akwai bambanci a cikinsa. Da a ce duk karan gona halinsu ɗaya sak, da babu abin zaɓa.

Ƙwari ma haka suke yi. In an fesa magani, mafi yawa sun mutu, ƴan kaɗan masu jimiri sun tsira, su ne iyayen na gobe. Haka sauro ya fara jure wasu magunguna a ƙasashenmu.

8. ABIN DA YA KAMATA MANOMI YA YI

1. Ka zaɓi irinka a gona, hatsi yana tsaye, kafin girbi. A tsaye ne kake ganin karan da lafiyarsa. A masussuka komi ya riga ya cuɗe.

2. Ka zaɓa daga tsakiyar gona. Na bakin iyaka ya fi shan bununin gonar maƙwabta.

3. Kada ka tsaya ga zangarniya goma ko ashirin, kome kyansu. Ka tara ɗari biyu ko fiye, daga wurare dabam-dabam na gonar. Haka bambancin irinka zai ɗore.

4. Ka tuge shibra tun wajen cira da noman farko da maimai. Wadda ta ɓuya, ka cire ta da ta fitar da kai, kafin ta yi bununi. In ka bari sai girbi, ta riga ta barbari hatsinka, ta kuma zuba tsaba a ƙasa.

5. Mun sani a shekarar wuya shibra tana riga hatsi nuna, har gidaje su ci ta kafin sabo ya iso. Wanda ya bar ta saboda haka, to ya ware wani yanki na gonar iri, nesa da ita, ya tsabtace shi sarai.

6. Hatsin tiya na kasuwa na ci ne. Ba ka san uwarsa ba, ba ka san ubansa ba. In dole ta sa ka shuka shi, ka ƙara sa ido wajen cira.

7. In ka karɓi irin zamani, kamar HKP ko Chakti wanda aka fitar a Nijar a shekara ta 2018, ka sani bununin maƙwabta yana sauya shi shekara bayan shekara. A sabunta shi bayan kamar shekara uku. Masu noman iri don sayarwa su nisanta gonarsu da sauran hatsi, a ƙalla mita 200, su kuma nemi shawarar malamin gona.

8. Karɓar sabon iri ba ya nufin zubar da na gado. Ku bar wa zango da maiwa da sauran irin ƙauyenku wuri. Shekarar da wani ya faɗi, wani zai tashi.

9. Damen iri a ajiye shi dabam, wuri busasshe. Kome tsananin bazara, kada a taɓa shi.

10. Maganin ƙwari a yi shi bisa awon da malamin gona ya faɗa. Kada a riƙa maimaita magani ɗaya kullum.

9. TAMBAYOYI DON TARON MASU SAURARE

1. Mi ya bambanta iri da jinsi? Ku kawo misali daga ƙauyenku.
2. Don mi alfadari ba ya haihuwa, amma shibra tana haihuwa?
3. Waɗanne abubuwa uku ne suka mai da hatsin daji hatsin gida?
4. Iri nawa na hatsi ake shukawa a ƙauyenku? Ku tambayi tsofaffi, maza da mata: akwai wanda ya ɓace? Mi ya ɓatar da shi?
5. Wace alama kuke gane shibra da ita tun tana ƙarama?

Ku tattauna, wanda ya iya rubutu ya rubuta amsoshin, a aiko wa gidan rediyo ta hannun shugaban ƙungiyarku. Amsar tambaya ta huɗu da ta biyar muna son ta ƙwarai, domin abin da wani ƙauye ya sani zai amfani wani.

Hatsin da ke rumbunku aikin hannun manoma ne na shekara kusan 5,000, kowane ya zaɓa ya miƙa wa na bayansa. Bana zaɓen yana hannunku. Allah ya ba mu damana mai albarka. Sai fitowa ta gaba.